Kitsen Da Ba A Gani: Daga Cukun Majusawa Zuwa Harsashin Indiya

  

Da wuya a yi wata guda wani saƙo bai zagaya wayoyin matasa ba, ɗauke da jerin lambobi masu farawa da harafin E, ana cewa duk abincin da aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, to akwai alade a ciki. Wasu su firgita su tura wa na gaba, wasu su yi tsaki su goge. Duka ɓangarorin biyu suna zaton sabuwar magana ce da zamanin kayan gwangwani ya zo da ita. Alhali kuwa tambayar ta girmi kakannin kakanninmu. An yi rubuce-rubuce a kanta, an shiga kotu, har jini an zubar. Wanda ya san tarihinta zai fi gane inda ya dace ya firgita da inda ya dace ya yi tsakin.

Mu fara da cuku. Nono ba ya daskarewa ya zama cuku mai tauri sai an sa masa wani abu, kuma abin da mutanen da suka fi amfani da shi shi ne wani sinadari da ake samu a cikin tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya da bai daina shan nono ba. Larabawa suna kiransa infaha. Ɗan kaɗan ake sawa, ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, amma ba ya samuwa sai dabbar ta mutu. To wa ya yanka ta? Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Bayan an ci Mada'in, babban birnin Farisa, a shekara ta 16 bayan Hijira, sai Musulmi suka sami kansu a tsakiyar Majusawa, mutanen da yankansu mushe ne a shari'a, ga kuma cukunsu a kasuwa. A nan malamai suka yi saɓani. Imam Abu Hanifa ya tafi a kan cewa infaha mai tsarki ce ko da daga mushe aka ciro ta, domin ba abu ne da rai yake gudana a cikinsa ba, balle mutuwa ta ƙazantar da shi. Ibnu Taimiyya ya rinjayar da wannan ra'ayi, yana kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa a Iraƙi. Imam Malik da Imam Shafi'i kuwa sun ɗauke ta najasa matuƙar dabbar ba yankakkiya ba ce.

Kimanin ƙarni 5 bayan haka, a birnin Iskandariyya, wani babban malami Bamalike ɗan asalin Andalus, Abubakar Aɗ-Ɗurɗushi, mai littafin Sirajul Muluk, wanda ya rasu a shekara ta 520 bayan Hijira, ya rubuta risala guda sukutum a kan haramcin cukun Rumawa da jiragen 'yan kasuwa suke saukewa a tashar birnin. Abin da ya raba zamaninsa da na sahabbai shi ne nisa. Wanda ya sayi cuku a Mada'in maƙwabcinsa ne ya yi shi, yana iya leƙawa ya gani. Wanda ya saya a Iskandariyya kuwa, teku ce tsakaninsa da mai yin, ga dillali, ga mai jirgi, kowannensu yana da riba a cikin yin shiru. Duk abin da zai biyo baya a wannan tarihi, ƙaruwar wannan nisan ne. Abin sha'awa, Fulanin Benin da Togo da Gana da wasu sassan Najeriya sun kuɓuta daga wannan mas'ala ba tare da sun karanta ta ba, domin da ruwan tumfafiya suke daskarar da nonon da suke yin cukunsu na wagashi.

Babu inda ɓoyayyen kitse ya yi ɓarna irin wadda ya yi a Indiya a 1857. A lokacin, wani kamfanin 'yan kasuwar Ingila ne, mai suna East India Company, yake mulkin mafi yawan ƙasar, kuma galibin sojojinsa 'yan ƙasa ne, Hindu da Musulmi, a ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Sai aka kawo sabuwar bindiga samfurin Enfield ta 1853. Harsashinta a naɗe yake cikin takarda tare da albarushi, an shafe takardar da maiƙo don ta zurma cikin bututun bindigar da sauƙi. Ƙa'idar ɗuri ita ce soja ya ciji bakin takardar da haƙori, ya zazzage albarushin, sannan ya tura saura. A watan Janairun 1857, a Dum Dum kusa da Kalkata, aka ce wani lebura ya roƙi wani soja ɗan ɗabaƙar Barahmawa ruwa a butarsa, sojan ya hana shi don kada ya ɓata masa ita. Leburan ya mayar masa da cewa ai tsarkin nasa ya kusa ƙarewa, tunda zai ciji takardar da aka shafe da kitsen saniya da na alade. Saniya abar girmamawa ce a wurin Hindu, alade kuwa najasa ne a wurin Musulmi. Magana ɗaya ta soki addini biyu.

Da aka bincika, hukuma ta kasa rantsuwa a kan abin da ke cikin maiƙon, domin kitse kawai aka ce 'yan kwangila su kawo, ba a gindaya musu na wace dabba ba. Kafin watan ya ƙare aka ba da umarnin a riƙa raba harsashin ba maiƙo, kowane soja ya shafa abin da ransa ya natsu da shi, kamar kakin zuma da man shanu ko man tsirrai. Daga baya ma aka ce a daina cizo, a riƙa yagawa da hannu. Ka ga ashe maganin yana nan a kasuwa tun farko, ga araha, babu dai wanda ya ga sojojin sun kai a tambaye su. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sojojin suka ɗauki sabon umarnin a matsayin amsa laifi. Zargi ya tashi daga maiƙo ya koma kan takardar kanta, saboda wani sheƙi da take yi. Sai kuma aka fara raɗe-raɗin cewa an niƙa ƙasusuwa an zuba a garin alkama.

Ranar 29 ga Maris, a Barakpur, wani soja mai suna Mangal Pandey ya far wa hafsoshinsa, aka rataye shi ranar 8 ga Afrilu. Ranar 24 ga Afrilu, a barikin Mirat, aka fito da sojan doki 90 atisaye, 85 daga cikinsu, Musulmi da Hindu, suka ƙi karɓar harsashi, duk da cewa tsohon samfuri ne da suka saba amfani da shi. Kotun soja ta yanke wa mafi yawansu ɗaurin shekara 10 da aiki mai tsanani. Ranar 9 ga Mayu aka tara dukkan barikin, aka tuɓe musu kayan sarki, maƙera suka buga musu mari a ƙafa a gaban 'yan'uwansu. Kashegari barikin ya kama da wuta. Sojojin suka fasa gidan yari, suka kashe Turawan da suka samu, har da mata da yara, suka kwana suna tafiya, gari na wayewa suna Delhi, inda suka nemi tsohon sarkin Mugal, Bahadur Shah Zafar, wanda ya haura shekara 80, ya shugabance su.

Zai zama rashin adalci ga tarihi a ce kitse kaɗai ya haddasa wannan yaƙi. A 1856 kamfanin ya ƙwace masarautar Awad, mahaifar dimbin sojojin. A shekarar aka yi dokar da ta wajabta wa sababbin sojoji zuwa aiki ƙetaren teku, abin da Hindu masu ɗabaƙa suke ƙyama. Ga 'yan mishan, ga ƙarancin albashi. Sayyid Ahmad Khan, wanda ya ga abin da idonsa kuma ya rubuta littafi a kan musabbabansa, ya ɗora babban laifin a kan cewa masu mulki ba su da hanyar jin abin da ke zukatan waɗanda suke mulka. Harsashin dai shi ne ashanar. Sakamakon kuwa ya fi faɗawa kan Musulmi. Turawa suka sake kama Delhi a watan Satumba, suka yi kisa ba adadi, suka kori mazauna birnin, suka mai da babban masallacin Juma'a masaukin soja, ba su mayar da shi ba sai 1862. A shekarar ce Bahadur Shah ya rasu a tsare a Rangun. Kamfanin shi ma ya rasa mulki a 1858, gwamnatin Ingila ta karɓa. Makarantar Deoband da aka kafa a 1866 da ta Aligar da aka kafa a 1875, amsoshi ne biyu mabambanta da Musulmin Indiya suka bayar ga wannan musiba.

Yayin da ake wannan a Indiya, masana'antun Turai suna ta neman maiƙo mai araha. A 1869 wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya ƙirƙiro majarin, wato botar talaka, kuma da kitsen shanu da madara ya haɗa ta. Sabulu da kyandir su ma kitse ne ginshiƙinsu. A 1901 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano hanyar daskarar da ruwan mai ya yi tauri kamar kitse. Wannan ya buɗe wa man tsirrai ƙofa, kuma a nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga za su kwasa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, domin masana'antun majarin da sabulu na Turai suna rububinta. Dalar gyaɗar da ake danganta wa su Alhassan Ɗantata, wani ɓangare ne na tarihin yadda man tsirrai ya ture kitsen dabba a teburin Bature. Ba tsoron Allah ne ya kawo wannan sauyi ba, farashi ne. Wanda ya shigo don araha kuwa yana iya fita don araha, kuma ba lallai a yi shela ba. Iyayenmu mata da suke dafa sabulun salo da toka da man kaɗanya ko man ja ba su da wannan fargaba, tunda sun san abin da suka zuba a tukunya.

Yahudawan Amurka sun riga mu gane yadda ake tunkarar masana'anta. Wani malaminsu a birnin Atlanta, Tobias Geffen, ya ga mabiyansa suna ta tambayarsa hukuncin Coca-Cola. Maimakon ya yi fatawa da ka, sai ya nemi kamfanin ya nuna masa kayan haɗin, bisa alkawarin riƙe sirri. Ya tarar da gilisarin da aka samo daga kitsen shanun da ba a yanka bisa ƙa'idarsu ba. Kamfanin ya maye gurbinsa da wanda aka samo daga man angurya da na kwakwa, malamin ya ba da fatawar halacci a 1935. Ba a fasa kanti ba, ba a ƙona mota ba.

A duniyar Musulmi, Indunusiya ce ta fi shan wannan darasi, har sau biyu. A 1988 wani malamin jami'ar Brawijaya da ke Malang, Tri Susanto, ya wallafa jerin kayan abinci da ya ga suna ɗauke da sinadaran da ake shakkar asalinsu, irin su jelatin da daskararren maiƙo. Shakka ya ce, bai ce tabbas ba. Amma da takardar ta shiga hannun jama'a ana ta kwafarta, sai ta riƙa tsawo a hanya, ana cusa sunayen kayan da shi bai ambata ba. Ciniki ya faɗi, masu kiwon shanun madara suka shiga uku, har ta kai manyan jami'ai da malamai suna shan madara a bainar jama'a don kwantar da hankali. Daga wannan ruɗani ne Majalisar Malaman Indunusiya ta kafa cibiyar binciken abinci da magunguna da kayan shafa ranar 6 ga Janairun 1989, inda masana kimiyya suke bin kayan haɗi har tushensu, malamai kuma su yanke hukunci.

Wannan cibiya ce ta gano batun Ajinomoto a ƙarshen shekara ta 2000. Ana samar da wannan farin sinadarin ɗanɗano ne ta hanyar ciyar da wasu ƙwayoyin bakteriya da ruwan rake ko rogo. Kafin a kai ga haka, sai an rena ƙwayoyin a kan wani abinci nasu. Reshen kamfanin na Indunusiya ya canza wannan abinci zuwa wani da aka yi da waken suya, ba tare da ya sanar da masu ba da shaidar halal ba. Waken suya dai tsiro ne, sai dai an narkar da shi ne da wani sinadari da aka ciro daga cikin alade. Dubi nisan: alade ya taɓa wake, wake ya ciyar da ƙwayoyi, ƙwayoyi suka yi aiki a kan rake, aka tace, aka busar. Gwaji bai nuna ɓurɓushin alade a ƙullin da ake sayarwa ba. Duk da haka majalisar ta ce haram ne, domin an amfana da alade a hanya. Shugaban ƙasar na lokacin, Abdurrahman Wahid, wanda shi ma malami ne jikan malamai, ya fito ya ce halal ne. A watan Janairun 2001 aka janye dubban tan daga kasuwa, 'yan sanda suka tsare wasu shugabannin kamfanin, har da Japanawa. Cikin 'yan makonni kamfanin ya koma wani abincin ƙwayoyin da babu dabba a cikinsa, aka mayar masa da shaidarsa. A ganina, ko da ra'ayin shugaban ƙasar ne ya fi ƙarfi ta fuskar fiƙihu, fushin jama'a yana da hujja, domin an canza abu a ɓoye alhali tambarin halal yana manne a jikin leda. Irin wannan ne ya sami McDonald's a Amurka: a 1990 suka sanar da komawa man tsirrai wajen soya dankali, amma suka ci gaba da sa ɗanɗanon naman shanu a ƙarƙashin sunan ɗanɗano na ɗabi'a. Hindu da masu ƙin cin nama suka kai ƙara a 2001, kamfanin ya ba da haƙuri a 2002, ya amince zai biya dala miliyan 10.

Saɓanin da aka yi a Indunusiya tsohon saɓani ne da malamai suke kira istihala, wato rikiɗar najasa ta zama wani abu dabam, kamar giya ta koma kal, ko mushe ya faɗa mahaƙar gishiri ya zama gishiri. A yau jelatin ne fagen wannan muhawara. Ana samunsa ta hanyar dafa fata da ƙashi, kaso mai tsoka na wanda ake yi a duniya daga fatar alade yake, kuma shi ne yake ba alewa mai danƙo taushinta, yake shiga wasu nau'o'in askirim da yogot da kwanson kafso. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta hana amfani da jelatin na alade a abinci, tana mai nuni da cewa akwai madadinsa daga tsirrai da dabbobin da aka yanka. Wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 kuwa ya ce jelatin ya rikiɗa, don haka ya halatta. Masu hani suka ce rikiɗar ba ta cika ba, tunda har yanzu gwaji yana iya gane dabbar da aka samo shi daga gare ta. Matashi ya sani cewa duka ɓangarorin malamai ne, kuma hukuncin magani ga mara lafiya da ba shi da madadi dabam yake da hukuncin alewa.

Madadin kuwa ya yawaita fiye da kowane zamani. Japanawa suna daskarar da abinci da agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, tun ƙarni na 17. Akwai fektin daga ɓawon lemo da tuffa. Buroshin goge baki da gashin alade ake yinsa har zuwa 1938 da aka fito da na nailan, ko da yake mai asuwaki bai taɓa shiga wannan damuwa ba. Masu ciwon sukari sun shekara 60 suna allurar insulin na alade da shanu kafin a fito da wanda ƙwayoyin halitta suke samarwa a 1982. Ita kanta infahar da Aɗ-Ɗurɗushi ya yi risala a kanta, a 1990 hukumar abinci ta Amurka ta amince da wadda ake samarwa ba tare da an kashe ɗan maraƙi ba, kuma da ita ake yin mafi yawan cukun masana'anta a can. Yaɗuwar masu ƙin duk wani abu da ya fito daga dabba a Turai da Amurka ta amfane mu ta wannan fuska, domin tambarin Vegan a jikin sabulu ko alewa yana kore shakkar kitse da jelatin. Sai dai a kiyaye abu biyu. Tambarin bai kore giya ba, tunda giya ma daga tsiro take. Sannan dalilinsu ba namu ba ne: su suna ƙin yankan ne ɗungurungum, mu kuwa muna layya, muna yanka ragon suna.

Ba kullum ake samun biyan bukata ba. A 2016 Babban Bankin Ingila ya amsa cewa akwai ɗan ɓurɓushin kitsen dabba a sabuwar takardar fam 5 ta leda. Hindu da Sik da masu ƙin kayan dabba suka yi ca. Bankin ya duba yiwuwar komawa man ja, sai masu kare muhalli suka ce noman kwakwar manja yana cinye dazuzzuka, ga kuma ƙarin kuɗi. A 2017 ya yanke shawarar ci gaba da yadda yake yi. Haka nan ba kowace ƙara ce take zama gaskiya ba. A 2014 aka ce an ga alamar alade a cakulan Cadbury iri biyu a Maleshiya, aka janye su, aka yi ta kiran ƙaurace wa kamfanin, sai hukumar addinin ƙasar ta sake gwaji a kan samfurin da ta ɗauko daga masana'anta, ba ta ga komai ba.

Saura jerin lambobin nan na waya. Harafin E alama ce ta Tarayyar Turai ga sinadaran da aka yarda a ƙara a abinci, kuma lambar tana faɗin ko mene ne sinadarin, ba ta faɗin inda aka samo shi. Jerin da ya fi yawo yakan fara da E100, alhali wannan launin kurkum ne. E140 koren ganye ne. E334 tsami ne irin wanda ke cikin inabi da tsamiya. Waɗanda suka cancanci tambaya kaɗan ne: E471 da E422 ana iya yinsu da man ja ko waken suya, ana kuma iya yinsu da kitse, kamfanin da ya yi kayan ne kaɗai zai iya faɗa, kuma adireshinsa yana jikin kwalin. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, malamai sun yi saɓani a kansa. A jikin sabulu, kalmar tallowate tana nufin kitse, palmate kuma man ja. Idan kuwa ka ci karo da E414 a jikin kwalbar lemo ko ledar alewa, wannan ƙaro ne, irin wanda malamanmu suke sawa a tawada, kuma akasarin wanda duniya take amfani da shi daga dazuzzukan Sudan da Chadi da arewacin Najeriya ake ɗebo shi.

Wallahu a'alam.